Wayar Birki da Injin Gado

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Sandamu ta ƙasar Daura, zuwa ga ɗana Abba, a Yawuri, wurin Malam Audu mai gyaran injin jirgin ruwa.

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka da duk wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya tsare ka a tsakaninsu. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Ka sani wannan rubutun hannuna ne. Ban sa kowa ya rubuta mini ba. Malamin ajin yaƙi da jahilci ya faɗa a gaban jama'a cewa a cikin dattawan da ke zuwa ajinsa babu mai tsayar da baƙi kamar ni, kuma ban ga dalilin da zai sa in musa masa ba. Na san akwai waya. Amma a waya da na fara magana sai ka ce "To, Baba," in ƙara sai ka ce "To, Baba," har maganar ta yanke ban san ko ɗaya ta shiga ba. Takarda ba ta yankewa. Malam Gado masunci da ke zaune a nan wurinmu, yayan maigidanka, zai zo ganin gida, shi ne zai miƙa maka ita.

Ga dalilin rubutun, zan faɗe shi tun da fari domin kada ka gaji kafin ka kai gare shi. Ranar da na raka ka tasha na ba ka wayar birkin nan tawa da nake tsokalar kafireta da ita, na kuma yi maka nasiha a gaban mutane a kan yadda ake yi wa inji. Ina so ka dakata da wayar, ka dakata da nasihar, kada ka taɓa injin jirgin kowa da su sai ka karanta wannan har ƙarshe. An gaya mini jiragen da kuke gyarawa mutane suke ɗauka ranar kasuwa, mata da goyo da tsofaffi da buhuna. Tun da na ji haka abinci bai yi mini daɗi ba.

Yadda aka yi shi ne, bayan tafiyarka Gado ya zo rumfata ya zauna kamar yadda ya saba. Na gaya masa na sallame ka da kyau, har na ba ka wayata.

Ya ce, "Wace waya?"

Na ce, "Wadda ka sani."

Sai ya ajiye raken da yake sha, ya ce, "Injiniya, wayar da ka kashe mini inji da ita ka ba yaro ya kai Yawuri? Me mutanen garinmu suka yi maka?"

Na ce, "Gado, ka iya bakinka. Ni na gyara maka inji."

Ya ce, "Ka gyara shi ƙwarai. Tun da ka gyara shi bai sake damun kowa ba. Yana nan a zaure, kaji suna ƙwai a bayansa."

Mutanen rumfa suka yi dariya. Ni ban yi ba. Kai ka san labarin injin Gado, domin ka tashi kana jin ina ba da shi. Amma ina ba da shi ne zuwa inda injin ya yi ruri jama'a suka yi kabbara, sai in tsaya, saboda a nan ne labarin yake da daɗi. Sauran ban ɓoye shi ba, na dai ɗauka ba shi da amfani, tun da a ganina injin ɗan kwatano ne, da ciwonsa ya shigo ƙasar nan. Yanzu ban sani ba. Zan rubuta maka shi duka yadda ya faru, kai da kake kusa da masu abin ka auna.

A lokacin kana ƙarami, Gado ya zo daga ƙasarsu ya zauna bakin dam ɗin nan na yankinmu yana sana'ar su. Shi kaɗai ne mai kwalekwale da inji a bayansa. Wata rana injin ya fara tari, in an ja igiya ya tashi, in an ba shi wuta ya mutu. Aka ce masa a duk ƙasar nan, daga Sandamu har garin Babban Mutum, babu mai sanin inji kamar Haruna. Wannan gaskiya ce, ba yabon kai ba ne. Injin ban-ruwa, injin niƙa, babur, janareto, babu wanda ya taɓa kwana a rumfata bai tashi ba sai wanda kwanansa ya ƙare. Aka ɗauko injin a amalanke aka kawo mini.

Da na gan shi sai na ga abu mai kai babba da ƙafa guda doguwa, da farfela a ƙarshen ƙafar. Ban taɓa ganin irinsa a kusa ba. Amma da na buɗe murfin na ga kafireta sai hankalina ya kwanta, na ce ashe ɗan gida ne. Na kwance ta. A cikin ɗan kofin da ke ƙasanta na sami wani abu mai yauƙi kamar tsohon kunu, da ruwa kwance ƙarƙashin fetur. Ɗan hancin nan na tagulla da mai ke bi, wanda muke kira jet, ya toshe. Na wanke komai da fetur. Na ɗauko wayata na tsokale jet ɗin. Sai na duba ramin na ga ya yi ƙanƙanta ƙwarai ga inji mai wannan girma. Na ce a raina, wannan rowa ce ta masu ƙera shi. Yaya za a ba ƙato abinci ta ramin allura? Na ci gaba da juya wayar har ramin ya buɗe yadda ya kwanta mini a rai.

Na mayar, na ja igiya. Abba, injin nan ya yi ruri har awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Na kashe shi nan da nan domin mutane sun cika rumfa. A nan ne aka yi kabbarar da ka sani.

Ba a daɗe ba Gado ya dawo. Ya ce injin yana shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa, yana hayaƙi, kuma fulogi yana yin baƙi ƙirin ya jiƙe, sai ya mutu. Yanzu Gado ya ce ramin da na buɗe ne ya jawo haka, wai mai ya fi iska yawa, ba ya ƙonewa duka, ragowar ce take zama baƙin nan. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na yi wa injinan ban-ruwa da yawa irin wannan, masu su suna gode mini har gobe. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Su ma suna shan mai, masu su ne ba su da wani injin da za su gwada da shi." Ban yarda da wannan magana duka ba.

Saboda haka nasihata a nan ita ce: idan ka kwance kafireta, ka jiƙa ta, ka wanke, ka hura iska ta kowane rami har ka ga haske ta ciki. Idan rami ya ƙi buɗewa ka sake jiƙawa, ka yi haƙuri. Kada ka sa ƙarfe a cikinsa. Ramin da ka ga ya yi ƙanƙanta, ka bar shi da ƙanƙantarsa. Mai yiwuwa wanda ya huda shi ya san abin da ni ban sani ba. Wannan jimla ta yi mini wuyar rubutawa, ba don baƙaƙenta ba.

Kuma ka dinga duba ɗan kofin nan saboda ruwa. Man da Gado yake saye a lokacin na jarka ne, irin wanda ake sayarwa a bakin hanyar Kongolam, wani lokaci da ruwa a gindinsa. Wannan kam ba laifina ba ne, ina so a rubuta shi a gefe.

To, da Gado ya kawo ƙarar hayaƙi da mutuwar fulogi, sai na yi tunani. Irin wannan inji ana haɗa masa baƙin mai a cikin fetur, kamar tsofaffin baburan nan da ƙaramin janareto. Na tambaye shi yadda yake zubawa. Ya nuna mini wani ɗan gwangwani da aka sayar masa tare da injin. Na ce, "Gado, wannan inji yini yake yana aiki cikin sanyin ruwa, kana ba shi mai kamar kana ɗiga wa jariri magani? Ninka." Na faɗa masa abin da na faɗa maka a tasha, cewa mai tausayi ne ga inji, ba a yi masa ƙwauro. Ya ninka. Da hayaƙin ya ƙaru na ce datti ne yake fita, ya ƙara kaɗan.

Abin da ya biyo baya na gan shi da idona, domin ranar na je bakin dam duba wani injin ban-ruwa. Gado ya ɗauko wasu mata daga ƙetare da kayan lambu. Suna tsakiyar ruwa injin ya yi shiru. Ina tsaye ina kallo yana ja, yana ja, yana ja. Ga shi ya bar abin tuƙinsa a gida saboda ya dogara da gyarana. Matan suka fara salati. Wata ta juye tumatirinta a cikin jirgi ta ba shi faranti, da shi ya yi ta tuƙi har suka iso. Da suka sauka, wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Wane ne mai gyaran?" Gado ya nuna sama ya ce, "Ya yi tafiya, Inna." Ina tsaye kusa da shi. Wannan alheri ne ya yi mini, ban manta ba.

Da na buɗe kan injin a wannan karo, na sami baƙin abu ya daskare a kan fistan kamar ƙanzon tukunya. Zobban fistan sun manne a raminsu ba sa motsi. Hanyar da hayaƙi ke fita ta kusa rufewa. Makanikai suna ce masa kabon. Na sa sukudireba na kankare, ina jin daɗin yadda yake ɓarewa, sai daga baya na ga na bar zane a jikin ƙarfen. Gado ya ce ƙaninsa da katako ko wani abu mai taushi yake kankarewa, bayan ya jiƙa shi ya yi laushi. Ka lura da yadda yake yi, ka yi haka.

A kan batun mai kuwa, ka zuba abin da aka ce, da gwangwanin da aka ce. Na janye maganar tausayi. Ko da yake har yanzu idan na zauna ina tunani, ban gane yadda abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe zai zama shi ne mai shaƙe inji ba. Idan ya yi kaɗan inji ya ƙone, idan ya yi yawa inji ya shaƙe. To wa ya san tsakiyar? Na tambayi malamin ajinmu, ya ce shi karatu yake koyarwa.

Yanzu na zo ga babbar, wadda saboda ita na sayi wannan takarda. Ka karanta a hankali.

Ka san al'adarmu a rumfa. Idan an gama da babur, sai a ɗaga shi a kan ƙafa, a murɗa masa wuta sosai, a bar shi yana kuka har ya yi zafi ya tofar da ragowar baƙin ta salansa. Haka na koya, haka na koya maka, haka na ce maka a tasha: kada ka miƙa wa mutum inji sai ka ƙona masa datti a gabansa ya ji da kunnensa. To haka na yi wa injin Gado. Na ɗaure shi a jikin bencin rumfa, ƙafarsa tana lilo a iska, na tayar, na ba shi wuta. Gado ya tafi sallar la'asar a lokacin. Da ya dawo tun daga nesa yake gudu yana ɗaga hannu yana cewa, "Ruwa! Ruwa!" Na ɗauka ƙishirwa yake ji, na ce a ba shi buta. Kafin ya iso wani wari ya tashi kamar an jefa takalmin roba a wuta, injin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya tsaya. Igiyar ma ta ƙi jawuwa.

Ashe a cikin ƙafar nan akwai wata 'yar farfela ta roba da ke zuƙo ruwan kogi tana zagayawa da shi cikin inji domin ya huce. Injin ba shi da fanka irin ta injin ban-ruwa, ba ya kuma shan iskar hanya irin ta babur. In babu ruwa robar ta narke, inji ya ƙone. Gado ya ce a garinsu ko yaro ya san ba a tayar da shi sai ƙafarsa na cikin duro cike da ruwa, kuma akwai wani ɗan rami a gefe da ruwa ke tsartuwa, su suna ce masa fitsarin inji. Ya ce, "In bai yi fitsari ba, kashe shi, ko uban wa ke jira."

Na ce masa a ranar, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "An ce mini kai ne Haruna."

A lokacin na ɗauki wannan a matsayin girmamawa. Da na zo rubuta shi yanzu sai na ga kamar yana da wata fuska.

Ga inda kaina ya kulle, kuma ba na jin kunyar faɗa maka tun da takarda ce tsakanina da kai. Wannan inji, in ruwa ya shiga kafiretarsa ya mutu. In ruwa bai shiga ƙafarsa ba ya mutu. A cikin ruwa yake rayuwa, ruwa ne ajalinsa, rashin ruwa ma ajalinsa ne. Na yi shekaru ina gyaran injin da ke jan ruwa daga rijiya ya ba albasa, na ɗauka ni da ruwa mun san juna. Har yanzu kuma wani sashe na zuciyata yana cewa injin nan da ciwonsa ya zo, ko ban taɓa shi ba da ya mutu. Gado ya ce, "Da ya mutu, amma da ya ga jikokinsa." Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba. Abin da na sani shi ne ba zan so a gwada a kan jirgin da ke ɗauke da mutane ba.

Domin akwai wani abu da Gado ya faɗa a rumfa rannan bayan dariya ta lafa, shi ne ya tayar mini da hankali. Ya ce, "Haruna, dam ɗinku tafki ne. Inji ya mutu, jirgi ya tsaya, a yi tuƙi da faranti. A kogin garinmu in inji ya mutu jirgi ba ya tsayawa. Ruwan tafiya yake yi, ya tafi da kai inda ya ga dama, ga duwatsu a ƙasa."

Abba, ni duk rayuwata abin da na sani shi ne in inji ya mutu abin hawa ya tsaya. Babur ya mutu, a sauka a tura, a zagi makanike, a kawo masa gobe. Duk kuskuren da na taɓa yi a sana'a, mai shi da ƙafarsa ya dawo ya yi mini faɗa. Ban taɓa tunanin akwai wurin da mai abin ba zai dawo ya yi faɗa ba. Na yi ƙoƙarin in hango jirgin da injinsa ya mutu amma yana ci gaba da tafiya, hankalina ya kasa ɗauka. Kai kana ganin kogin kullum. Ni na aike ka can da ilmin tudu, na kuma faɗe shi da ƙarfi a tasha domin mutane su ji.

Na san halinka, domin nawa ne. Za ka so ka nuna wa Malam Audu cewa daga gidan sana'a ka fito. Wata rana zai fita, a kawo inji ana sauri, ka tuna wayar ubanka tana aljihu. Kada ka yi. Idan ya ce ka wanke kafireta sau nawa ne, wanke. Idan ya ce ka ɗebo ruwa ka cika duro, ɗebo, ko da kana ganin aikin yara ne. Idan ya faɗi abin da ya saɓa wa nawa a kan injin jirgi, nasa za ka bi. A kan injin ban-ruwa kuwa, in magana ta kai can, kana iya gaya masa ra'ayina, domin a nan ban san wanda ya fi ni ba.

Kuma idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tun inji yana da rai.

Abu biyu nake nema a gare ka. Na farko, ka zauna da maigidanka ka tambaye shi, cikin ladabi, ko buɗe ramin jet shi kaɗai zai iya kawo baƙin nan, ko yawan mai ne, ko kuwa injin Gado da ma mai ciwo ne. Ba sai ka ce injin wane ne ba, ko da yake ina zaton ya sani. Abin da ya faɗa ka rubuto mini, ko da bai yi mini daɗi ba. Ka yi baƙaƙen manya-manya, ka raba su, domin ba na so in kai wa wani ya karanta mini.

Na biyu, wayar. Da farko na rubuta cewa ka jefa ta a kogi, sai na soke, za ka ga wurin. Kada ka jefa. Ka naɗe ta a takarda ka ba Gado ya dawo mini da ita. Mahaifiyarka ta ce mene ne abin damuwa a kan guntuwar waya, ga su nan birjik a bayan rumfa. Ba ta gane ba. In ka ce mini "To, Baba" a waya, ban san komai ba. Amma ranar da Gado ya shigo rumfa ya ajiye wayar nan a kan benci, zan san ka karanta har nan, zan kuma san ba ta cikin aljihunka ranar kasuwa. Zai yi mini dariya a gaban mutane, na sani, na kuma shirya. Har sai na gan ta, duk motar da ta tsaya a tasha sai na ɗaga kai.

Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya sa hannunka ya zama sanadin isar mutane gidajensu. Allah Ya kiyaye duk jirgin da ka taɓa, da wanda ke cikinsa, da wanda ke jiransa a gaɓa. Ya dawo mana da kai lafiya, ka same mu lafiya. Ka riƙe salla. Ka gaishe da Malam Audu da kyau, ka ce ina gode masa.

Kada ka manta da duro.

Ni ne mahaifinka,
Haruna Makanike, Sandamu.
Da hannuna.